Rabin Saƙo Daga Konya

Malama Hajara ba ta taɓa fita ƙasar nan ba sai a hutun Disambar da Rufaida ta shiga watan haihuwarta. Malamar firamare ce a Tudun Wada, ta daɗe tana koyar da 'yan aji uku, kuma tun rasuwar mijinta ba ta da wata tafiya da ta wuce Doguwa, wajen mahaifinta. Rufaida ce 'yarta ta fari. Mijin yarinyar, Ukasha, ɗan Bebeji ne, yana karatun digiri na uku a Konya ta ƙasar Turkiyya, can ya tafi da ita. Da a gida suke, da tuni an dawo da ita ɗakin uwarta goyon ciki. Tunda hakan bai yiwu ba, sai aka ce uwar ta je.

Jirgin bai dame ta ba, haka ma sanyin da kowa yake tsorata ta da shi. Baffa, mahaifin nata, shi ne damuwarta. Idon tsohon ya yi rauni, kuma kullum da hantsi sai ya ji muryarta kafin ya yarda ya sha koko. Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, kira kawai take yi. Ƙanenta Sagir, wanda yake zaune da shi yana noman masara da rake, shi ne mai babbar waya, amma sabis a unguwarsu sai an zaga bayan gida an hau wani falalen dutse kusa da rumbuna.

Saboda haka kafin ta tafi sai ta je shagon Mudassir mai gyaran waya a bakin tasha, ta zayyana masa buƙatarta.

"Malama, abu biyu ne," in ji Mudassir. "Ko ki bar layinki in sa miki datar ƙasar waje, ko idan kin sauka ki sayi layinsu na can."

"A wanne Baffa zai ji muryata?"

"Duka biyun. Sai dai idan kika canza layi, lambarki za ta canza. Amma a Wasaf ba za ta canza ba, sai in kin yarda ta canza."

"To za ta canza ko ba za ta canza ba?"

"Ya danganta."

Ta ce ya bar mata layinta. Ya yi 'yan danne-danne, ya miƙo mata wayar, ya ce idan tana cikin gida ta kashe data ta hau waifai ɗin gidan, idan ta fita ta kunna, don datar waje ba ta da auki. Ya nuna mata inda ake kashewa da inda ake kunnawa. Ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da 'yan ajinta suke yi mata idan an kusa tashi.

Ta sauka Konya da jaka cike da daddawa da kuka da kanwa da garin kunu da yajin jego. Garin fari fat da dusar ƙanƙara, numfashinta yana fita kamar hayaƙi. Tun a filin jirgi wayar ta fara karɓar saƙonni, wasu da Turkanci, wasu da Turanci, duk suna yi mata maraba suna lissafa abubuwan da ba ta gane ba. Ta karanta na farko-farko, daga baya ta daina buɗewa. Fuskar wayar ma ta sauya, agogo biyu suka fito, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da abin da yake faɗa. Ukasha ya ce ɗaya na gida ne ɗaya na nan, ya nuna mata, amma da gari ya waye ta kasa tuna wanne ne wanne.

Ukasha ya haɗa mata waifai ɗin gidansu, ya ce zai saya mata layin ƙasar idan ya samu sarari. Sararin bai samu ba, ita ma ba ta matsa ba, domin komai yana tafiya. Da safe ta yi wa Sagir saƙon murya, idan ya hau dutse ya sauke, ya kai wa Baffa ya ji, ya ɗauko amsar tsohon ya koma dutse ya turo. Likita ya ce Rufaida ta riƙa tattaki, don haka da rana sukan fita su zaga unguwa a hankali, kuma a waje ma wayar tana aiki. Hajara ta ɗauki bidiyon ƙanƙara ta tura wa malaman makarantarsu, ta ɗauki na tantabaru a harabar wani masallaci ta tura wa dangi. Su ma suna turo nasu, na biki da na casar masara, wayar tana saukewa da kanta. Ba ta taɓa kashe komai ba, ba ta taɓa kunna komai ba. A ganinta Mudassir ya cika tsorata mutane.

Naƙuda ta zo da sassafe. Suka tafi asibiti su uku. Aka daɗe ana abu ɗaya, ma'aikata suna shiga suna fita, suna magana da yaren da Hajara ba ta tsintar ko kalma. Can wajen hantsi wata likita ta kira Ukasha gefe. Da ya dawo fuskarsa ta canza.

"Umma, sun ce yaron ya gaji, bugun zuciyarsa yana raguwa. Tiyata za a yi mata yanzu."

Aka tura gadon Rufaida aka wuce da ita. Ukasha ya bi su don ya sa hannu a takarda. Hajara ta tsaya ita kaɗai a doguwar barandar, ba wanda za ta yi wa magana. Ta tuna yau Baffa bai ji ta ba, kuma addu'arsa take so. Ta ciro waya, ta danne alamar murya da yatsa, ta fara magana tana tafiya, murya na rawa. Wajen ƙofa ƙanƙarar da mutane suke shigowa da ita a takalma ta narke ta jiƙa daɓen. Ba ta lura ba. Ƙafarta ta zame, ta yi salati, ta zube ƙasa, wayar ta yi nata wuri.

Wata dattijuwa da ke zaune a benci ta taso ta kama ta, tana ta magana tana shafa mata baya. Hajara ta yi godiya da Hausa, ta ɗauko wayar. Gilashin bai fashe ba. Ta ɗauka saƙon ya lalace tunda ba ta ƙarasa ba, ta ce bari ta huta ta sake wani. Ta zauna kusa da dattijuwar tana jan carbi, ƙugunta yana zugi, maganar saƙo ta fita daga ranta.

Kafin azahar Ukasha ya fito yana dariya yana share ido. An samu namiji, uwa da ɗa lafiya. Da aka bar su suka shiga, Rufaida tana kwance a galabaice, leɓenta a bushe, amma ta buɗe ido ta yi wa uwarta murmushi. Aka miƙa wa Hajara jaririn a naɗe. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta fita baranda ta yi wa Sagir saƙo, ta ce ya yi wa Baffa albishir. Ta yi na biyu ta ce namiji ne, ta yi na uku ta ce a gaya wa Gwaggo Baturiya, ƙanwar Baffa, da sauran mutan gida. A gefen kowane saƙo ta ga wata 'yar alama kamar agogo. Ta ce a ranta Sagir bai hau dutse ba ke nan, idan ya hau zai gani.

"Na sanar da mutanen Doguwa," ta ce wa Ukasha.

Shi ma ya kira mahaifiyarsa a Bebeji ya faɗa mata, sannan ya rufe ƙarar wayarsa saboda dokar ɗakin.

Bayan la'asar ma'aikatan suka ce nan gaba kaɗan mai jego za ta iya shan abu mai ruwa-ruwa. Rufaida ta ce ita kunun kanwa take so. Ukasha ya ce Umma ta je gida ta dama, ta ɗan miƙe ƙafa tunda ta sha faɗuwa. Ta ce a'a, ya nace. Ya sa ta a tasi, ya yi wa direban kwatance, ya ce idan ta gama zai turo wata ta ɗauko ta.

Tana tura ƙofar gidan, ko takalmi ba ta cire ba, wayar ta fara ƙara a cikin jaka, a jere ba tsayawa, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta yi murmushi, ta ce barka ce ta fara isowa. Sai da ta ɗora ruwa a wuta ta jiƙa kanwa, sannan ta zauna ta buɗe.

Na farko daga shugabar makarantarsu ne. "Malama, yanzu nake jin abin da ya faru. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri."

Hajara ta sake karantawa. Ta ce hala wata aka yi niyyar tura wa aka yi kuskure. Ta buɗe na biyu, daga maƙwabciyarta a Tudun Wada. "Allah ya sa ta huta." Na uku ma haka. Ta shiga guruf ɗin dangi, ta tarar da addu'o'i jere, kowa yana Allah ya gafarta mata, Allah ya sa aljanna ce makoma, ba wanda ya ambaci suna. Ta yi ta ja sama don ta ga sanarwar da ta fara zuwa. Da ta kai wajen, sai ta ga an rubuta an goge saƙon.

Mace ce dai ta rasu, kuma ta kusa ce, tunda har ita ake yi wa gaisuwa. Zuciyarta ta tafi kan Gwaggo Baturiya. Ranar da ta je sallama Doguwa ta same ta a kwance, hawan jini ya tashi, har tana cewa ba lalle su sake ganawa ba. Hajara ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Gwaggo ce ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarta, ita ta kai ta makaranta da hannunta. Ga shi za a binne ta tana wata duniya.

Da ta ɗan natsu ta ci gaba da dubawa, ta ga saƙon murya daga lambar surukar Gwaggo. Ta danna don ta ji yadda aka yi. Muryar da ta fito ta Gwaggo Baturiya ce.

"Hajo, ki yi haƙuri. Ki yi haƙuri, Hajo. Ni da nake kwance ina jira ba a ɗauke ni ba." Sai kuka ya ci ƙarfinta, saƙon ya ƙare.

Hajara ta riƙe wayar tana kallo. Ta sake dannawa, ta sake ji. Gwaggo ce, ba shakka. To idan Gwaggo ce take ba ta haƙuri, wa aka rasa? Ta fara lissafa matan gidansu ɗaya bayan ɗaya, matar Sagir, 'ya'yan Gwaggo, ƙannenta da ke aure a Kiru. Duk ta ga sunayensu a guruf suna addu'a.

Sai ta kai kan wani saƙo daga wata 'yar uwar Ukasha a Bebeji. "Mun ji namiji ne. Allah ya raya abin da ta bari, ya sa mai yi mata addu'a ne."

Ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ɗazun nan ta baro yarinyar tana magana, tana neman kunu. Amma kuma ta ga yadda leɓenta ya bushe. Ta tuna yadda Ukasha ya nace sai ta tafi gida. Me ya sa ya nace? Ko likitar ta faɗa masa wani abu da yarensu? Ko bayan fitowarta ne abin ya faru, ya kasa gaya mata, ya kira gida tukuna? Ta duba lokacin da aka turo saƙonnin don ta gane kafin ta baro asibiti ne ko bayan nan. Ta kalli agogon sama, ta kalli na ƙasa. Idan da wannan aka rubuta, tana asibiti aka turo su. Idan da wancan ne, ba ta sani ba. Ta yi ƙoƙarin ƙarawa da ragewa, ita da take koyar da lissafi, lambobin suka ƙi tsayawa.

Ta kira Ukasha. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Ta zura hijabi ta fita da gudu-gudu tana kira a karo na uku, amma tana kaiwa tsakiyar matakala kiran ya katse, wayar ta ce babu hanya. Ta fita har bakin titi. Magariba ta kawo jiki, fitilu sun kama, motoci suna wucewa a hankali cikin ƙanƙara. Nan ta tuna ba ta san sunan asibitin ba, ba ta san ta inda tasi ta biyo da ita ba, kuma ko ta tsayar da mota ba ta da abin da za ta ce wa direba. Ta ɗaga wayar sama kamar yadda Sagir yake yi a kan dutse. Babu komai. Ta koma sama tana dafa bango. Tana isa ƙofar gidan wayar ta farfaɗo, wasu sababbin ta'aziyya suka shigo.

Ruwan da ta ɗora ya kusa ƙonewa. Ta kashe wutar ta zauna a ƙasan kicin, bayanta jingine da kabad. A nan kiran Ukasha ya same ta.

"Umma, lafiya? Barci ne ya sace ni a kujera. Na ga kiranki, na ga na Hajiyarmu rututu."

"Ina yarinyar nan?"

"Ga ta nan."

"Ga ta nan yaya?"

"Ga ta a kwance, tana kallona."

"Ba ta wayar."

Aka yi ɗan motsi, sannan murya ta fito a hankali. "Umma, kin dama kunun? Yunwa nake ji."

Hajara ba ta kiran sunan 'yar farinta, ko a bayan idonta sai dai ta ce yarinyar nan. Ranar ta kira. Ta ce, "Rufaida, ke ce?" Rufaida ta ce ita ce mana, wa zai zama. Hajara ta ce ta ƙara magana. Yarinyar ta tambaya me za ta ce, uwar ta ce ko me ma.

Da Ukasha ya karɓi wayar ta karanta masa saƙonnin. Ya ce bari ya kira Bebeji. Ba a jima ba ya sake kira, muryarsa a ruɗe. Ya ce mahaifiyarsa kuka take yi, tana cewa ya ɓoye mata. Ita ta sanar da mutane an haihu lafiya, ana cikin murna sai ga waya daga Doguwa ana yi musu gaisuwa. Da aka haɗa labarin biyu sai aka ce ai ta haihu ne sannan ta cika. Sun yi ta kiransa bai ɗauka ba, suka ce shi ke nan, ya kasa magana ne.

"To su mutanen Doguwa wa ya gaya musu?" in ji Hajara.

"Sun ce Sagir ne. Shi kuma ya ce daga bakinki ya ji."

"Bakina? Ni albishir na tura masa, har uku."

"Umma, buɗe wajen Sagir ki duba abin da ya tafi."

Ta buɗe. Saƙonnin albishir ɗin nan uku suna nan, 'yar alamar agogon ta ɓace, kuma lokacin da ke jikinsu na yanzu ne, na shigowarta gida. A samansu akwai wani guda ɗaya da ya tafi tun hantsi, an kuma saurare shi. Ta danna. Muryarta ce, tana rawa.

"Sagir, ka samu Baffa ka faɗa masa a hankali, kada ka tayar masa da hankali. Yarinyar nan ce. Tun safe muna asibiti, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma... Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai ƙarar faɗuwar abu, sai shiru.

Ukasha, da yake ji ta cikin wayar, ya ce datar da aka sa mata ce ta ƙare, kuma ga alama wannan saƙon ne na ƙarshe da ta iya ɗauka. Hajara ta ce ai ita ba ta tura shi ba, faɗuwa ta yi. Ya ce da yatsanta ya bar wayar shi ke nan ya tafi. Ta ce to me ya sa ya tafi su kuma ukun suka zauna. Ya fara yi mata bayani, ta ce ya bari.

Ta kira Sagir. Sai a kira na biyu ya shiga, muryar tana zuwa tana ɗaukewa, kuma duk abin da ta faɗa sai an jima yake isa, har suna hawa kan maganar juna.

"Sagir, yarinyar nan tana nan da ranta."

"Na'am, Yaya? Ranta? Allah ya jiƙanta, Yaya. Mun yi ta nemanki."

"Na ce ba ta mutu ba."

"E, mun ji. Ya haƙuri?"

Ta katse, ta rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa Rufaida tana raye, ta haihu, ya hau dutse ya saurari sauran saƙonnin. Ta zauna tana kallon wayar har alamar ta nuna ya karanta. Can ya kira, wannan karon muryar tar, tana jin iska tana kaɗawa a bayansa.

Ya yi ta jera hamdala. Da ya samu kansa ya ce da ya ji saƙon ya kira layinta bai shiga ba, ya kira na Rufaida a kashe, lambar Ukasha da yake da ita kuwa tsohuwa ce. Ya rasa yadda zai tunkari Baffa, sai ya je wajen Gwaggo neman shawara ya kunna mata. Ita kuwa ta ɗora hannu a ka, kafin ya ankara gida ya cika. Wata ta sa a guruf, ya yi mata faɗa ta goge, amma an riga an gani. Yanzu haka an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, har daga Riruwai an zo. Liman ne ma ya ce a dakata da sallar gawa daga nesa sai an ji daga bakin mijinta.

"Baffa fa?"

"Tun da aka faɗa masa bai ci komai ba. Amin kawai yake cewa."

Ya sauka ya je ya gaya wa tsohon, ya dawo ya ce Baffa ya ce kada a yi masa wasa da hankali, shi ba yaro ba ne da za a rarrashe shi da ƙarya. An kunna masa saƙonnin albishir, ya ce waɗannan tun kafin abin ya faru ne.

Hajara ta tashi ta sake ɗora ruwa. Ta dama kunun, ta zuba a filas. Tasin da Ukasha ya turo ta mayar da ita asibiti. Ukasha ya kira ƙaramar wayar Baffa kai tsaye da layinsa, ya buɗe murya, ya ajiye a kan bargon Rufaida. Suna jin hayaniyar mutane, sannan muryar tsohon.

"Wane ne?"

"Ni ce, amaryarka," in ji Rufaida, don haka yake kiranta tun tana ƙarama.

Ukasha ya leƙa wayar ko kiran ya katse, sai ga muryar tsohon.

"Wace amaryar?"

"Amarya nawa gare ka, tsoho? An ce har ka zauna karɓar gaisuwata."

Suka ji numfashinsa. Ya ce ta faɗi sunan kakarta, ta faɗa. Ya yi hamdala a hankali, ya sake yi. Jaririn ya motsa ya tsala kuka, Baffa ya tambaya wannan kuma wane ne, aka ce masa abokin kishinsa ne ya iso. Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"To ni yanzu me zan ce wa mutanen nan? Ga su cike da ƙofar gida."

"Ka ce su yi maka barka."

"Ba ni Hajo."

Hajara ta matso. "Ga ni, Baffa. Ina wuni?"

"Hajo, ai ke kika faɗa. Da kunnena na ji kina salati."

"Zamewa na yi, Baffa. Ina cikin magana na faɗi ƙasa."

"Kika faɗi?"

"E."

"Kin ji ciwo?"

Ta ce ƙugunta ne kawai. Ya ce ta samu man zafi ta shafa, kuma ta daina tafiya tana waya. Sannan suka ji yana kiran Sagir yana cewa a kawo masa abinci.

Washegari Ukasha ya saya mata layin ƙasar, wayar ta koma mai layi biyu. Ya nuna mata wanda za ta riƙa amfani da shi a waje. Duk da haka sau da yawa idan ta kira mutanen gida ba sa ɗauka, don baƙuwar lamba suke gani, wasu kuma idan sun ɗauka sai su tsaya suna jin ta bakinta kafin su san gaisuwar da za su yi. An yanka ragon suna a Bebeji, yaro ya ci sunan Baffa, Hamidu. Sun kalli taron ta kiran bidiyo, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Hutu ya ƙare ba ta ga ƙarshen jegon ba, ta dawo Tudun Wada ta koma aji. Ranar kasuwar farko bayan dawowarta tana tsaye wajen masu tumatir sai ga Ummulkhairi, Bafulatanar da take kawo mata nono da man shanu daga wata ruga ta wajen Tiga. Tana ganin Hajara ta sauke ƙwaryarta, ta durƙusa, ta kama hannunta.

"Malama, ashe haka Allah ya yi. Ya haƙuri? Na zo gida aka ce ba ki dawo ba."

Hajara ta ce mata ai Rufaida tana nan lafiya, kuskure aka yi. Ta ciro waya ta nuna mata bidiyon yarinyar tana rungume da jariri tana dariya. Ummulkhairi ta kalla har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa.

"Allah sarki. Wannan kafin ta rasu ne?"

Hajara ta kira Rufaida nan take a tsakiyar kasuwa, ta miƙa mata wayar. Ummulkhairi ta karɓa da hannu biyu, ta ga fuskar tana motsi tana gaishe ta da sunanta. Ta amsa, ta yi mata sannu da jego, ta tambayi yaro. Da aka gama ta mayar da wayar, ta gyara zaman ƙwaryarta, ta dubi Hajara.

"To Malama, wace ce ta rasu a Doguwa? Maigidanmu da ƙafarsa ya je, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a."

Hajara ta roƙi mai tumatir aron benci, ta ce wa Ummulkhairi ta zauna, maganar da ɗan tsawo.